Ranar da Malama Mairamu Ta Shimfiɗa Tabarma da Gaske

A layin da Malama Mairamu take zaune a Akokan, gefen Arlit, ƙofa tara ce. Takwas a garƙame suke da kwaɗo, wasu har yashi ya binne dokin ƙofarsu. Ta tara ita ce tata. Tun da aka rufe ramin uranium na Akokan ma'aikata suka kwashe iyalansu, ƴan Maraɗi suka koma Maraɗi, ƴan Tawa suka koma Tawa, aka bar ta ita da wata akuya mai baƙin kunne da rediyon da ba ya kama tasha sai ɗaya. Da can, kullum da sassafe kar ɗin ma'aikata, babbar motar da ke kai su rami, yakan tsaya a bakin layin yana huci, mata na leƙowa suna miƙa wa mazansu abinci ta taga, ana tsiya ana dariya. Yanzu in ta ji motsi a waje, iska ce ke wasa da kwanon rufin wani gida.

Ba ƴar garin ba ce. Ƴar Damagaram ce, a can ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta gama kwaleji, sannan ta auri Siddiƙ mai gyaran lantarki a cikin rami, ya kawo ta Arlit tana da shekara goma sha tara. Yau shekararta talatin da huɗu a nan. Tari ya kama Siddiƙ, ya yi jinyar shekara biyu, ya rasu. Ɗansu ɗaya, Muktari, yana aiki a Yamai. Masu bakin cewa ta tattara ta koma gida ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu ba: wane gidan? Iyaye sun rasu, an raba gidan gado an sayar. Mutum ɗaya ta rage mata a Damagaram, yayarta Fatimatuzzahra, wadda take kira Yaya Zahra. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya Zahra za ta kira ta a salula, su yi ta hira har batir ya yi zafi. Duk wata biyu kuma sai ga ƙunshin daddawa da kuka ya iso ta motar haya, an ɗaure shi da tsumman atamfa.

A irin hirar nan ce Mairamu ta taɓa faɗa mata abin da ke cin ranta.

"Yaya, ni ba mutuwata nake tsoro ba. Tsorona ranar da zan yi rashi, in shimfiɗa tabarma, in rasa mai zama a kanta."

"Ke dai akwai ki da neman magana," in ji Yaya Zahra. "Wa ya rage miki da za ki rasa? Ni kuwa ba inda za ni, sai na ga jikokinki."

Mairamu ta san abin da take faɗi. Lokacin rasuwar Siddiƙ kwana bakwai gidanta a cike yake, an toshe layin da rumfa, matan Damagaram sun karɓe mata girki, ko ludayi ba su bari ta taɓa ba. Tana da wata babbar tabarmar roba mai cin mutum ashirin, ita aka shimfiɗa a tsakar gida. Duk waɗanda suka zauna a kanta sun bar garin.

Koyarwa kuwa ba nemanta ta yi ba, a asibiti abin ya same ta, tun tana jinyar Siddiƙ. Tana zaune a layi sai ga wata mata daga dajin Dannet da goyo, ta zo gaban mai ba da magani ta miƙa takarda ta ce, "Kai, ba ni magani." Ai kuwa sai madam ɗin ta hau ta da faɗa a gaban jama'a, wai ba ta da tarbiyya, wai ita ba baiwar ubanta ba ce. Matar ta tsaya tana rarraba ido, ba ta san laifinta ba. Kuma ina laifin nata? Iyakar Hausar da take da ita ke nan, wadda ta tsinta a bakin direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da mahauta. A cikin Tamajak ɗinta, harshen mutanen Abzin, wannan mata za ta iya gaishe ka har ka gaji da amsawa. Amma mutanenmu, in baƙo ya yi tuntuɓe a harshenmu, ba mai ɗaga shi, sai dariya da gori. Shekara da shekaru ana sayar wa matan Abzin tumatir da sabulu a kasuwar Arlit, ba wanda ya taɓa cewa, ƴar'uwa, ga yadda ake faɗi.

Mairamu ta tashi ta ja matar gefe ta ce, "In kin zo, ki fara da sannu da aiki. Ki dakata ta amsa. Sannan ki ce don Allah ga takardata." Matar ta koma ta faɗi haka, aka ba ta magani. Sunanta Fadimata. Bayan sati ɗaya ta nemo gidan Mairamu, da mata uku a bayanta.

Haka ajin ya fara, daga baya aka ba su ɗaki a gidan mata na unguwa, Litinin da Alhamis da hantsi. Akwai allo a bango amma Malama ba ta cika taɓa shi ba. Takan ce, "Ni ba sunan kujera da sunan tebur zan koya muku ba. Kujera ba ta taɓa jin haushin kowa ba." Kowane sati aiki ɗaya take ba su. Ran Litinin a kwaikwayi abin a cikin aji, ita ce mai kanti, ita ce madam ɗin asibiti mai ɗaure fuska, ita ce maƙwabciyar da za a je aron turmi wajenta. Sannan kowace ta fita gari ta yi abin da gaske. Ran Alhamis su dawo su ba da labari, wa aka yi wa fara'a, wa aka harara, me ta ce aka harare ta.

A haka suka koyi yadda ake taya kaya a bar shi ba tare da mai kaya ya zage ka ba. Suka koyi cewa in ka shiga gidan Bahaushiya da buƙata, ba a buɗe baki da ita, sai an gaisa, an tambayi gajiya da yara da mai gida, an ɗan yi shiru, sannan a ce dama na zo ne. Suka koyi wadda za a ce wa Inna da wadda in ka ce mata Inna ta fasa yi maka magana har wata. Suka koyi yadda ake ce wa likita bai yi bayani an gane ba, ya maimaita, ba tare da ya ji an raina shi ba. Wasu ƴan kasuwa har haushin Malama suke ji, wai ta buɗe wa matan daji ido, yanzu sun iya ciniki. Ka ji fa abin da ya dame su!

Aiki mafi wuya shi ne gaisuwar mutuwa, kuma shi take ajiyewa sai ƙarshen shekara. Wannan ba a aji ake yin sa ba, a gidanta ne, don a koyi shiga tun daga bakin ƙofa. Sai ta shimfiɗa babbar tabarmar nan, ta yafa mayafi, ta zauna ta sunkuyar da kai. Su shigo ɗaya bayan ɗaya, a yi sallama da murya ƙasa, a durƙusa, a ce ashe an yi rashi, wa aka rasa? Ita kuma ta ce, "Wance ce." Ko sau ɗaya ba ta taɓa kama sunan kowa ba. Takan ce sunan mai rai ba abin wasa ba ne a kan tabarmar makoki. Daga nan sai ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, Allah ya ba ku dangana. A koma gefe a zauna shiru. In an gama Malama ta yaye mayafi ta fara gyara, ke kin ɗaga murya, ke kin yi saurin tashi, ke kuma murmushin me kike yi?

A cikinsu akwai Lalla, tsohuwa doguwa mai baƙin lulluɓi, wadda fari ya cinye wa awaki ta dawo gari wajen ɗanta. Shekara huɗu ta yi a ajin, bana ta biyar, kuma ita ce kullum ta baya. Addu'ar ta'aziyya ba ta taɓa jera ta daidai ba, in ta kamo farko sai ƙarshe ya kuɓuce. Malama takan dafe kai ta ce, "Inna Lalla, za ki kashe ni." Ita kuma ta ce, "Malama, in na kashe ka, wa zai gyara mini gaisuwarka?" Aji ya kwashe da dariya.

A bana, wata Alhamis, Malama ta ja musu kunne. "Gwajin ta'aziyya ya kusa. Kuma wannan karon ba zan sa muku rana ba. Mutuwa ba ta sa rana. Duk sa'ad da kuka ji kira, ku zo yadda kuke."

Kwana tara bayan haka, ranar Asabar da hantsi, tana ba akuya dusa, salula ta yi ƙara. Lambar Yaya Zahra ce, amma muryar namiji ce, ɗan mijin yayar tata. Ya ce Inna ta faɗi a banɗaki da asuba, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa, za a yi jana'iza bayan azahar.

Mairamu ta zauna a ƙasa inda take, kwanon dusa a cinyarta, akuya ta sa kai tana ci.

Daga Arlit zuwa Damagaram kwana biyu ne in hanya ta yi kyau, kuma hanyar ba ta yi kyau ba shekara da shekaru. Tafiyarta ta ƙarshe a gadon asibitin Agadas ta ƙare, ƙafafu a kumbure, hawan jini ya tashi, likita ya ce kada ta sake. Muktari ya kira yana kuka yana roƙonta kada ta hau mota, ya ce zai nemi izini a wajen aiki amma ba zai samu ba sai wani satin. To. Sai ta yi abin da ake yi. Ta share tsakar gida, ta jawo babbar tabarma ta shimfiɗa, ta cika randa, ta jera kofuna, ta buɗe ƙofa ta tokare ta da dutse. Ta yafa mayafi ta zauna.

Ta kira wasu mata biyu ƴan garinsu da suka rage a cikin Arlit. Sun zo, ba za a ce ba su zo ba. A tsaye suka yi gaisuwar, ko takalmi ɗayar ba ta cire ba, wai masu kabu-kabu na jiransu a waje, wai unguwar nan ta yi nisa kuma ta zama kufai. Minti biyar. Waɗannan su ne masu cewa matan daji ba su iya gaisuwa ba.

Da azahar ta wuce, tana lissafin yanzu ana ɗaukar Yaya Zahra, yanzu an kai ta, yanzu ana zuba ƙasa, ita kuma tana kallon ƙofa a buɗe ba mai shigowa. Sai ta ɗauki salula ta kira Fadimata, wadda yanzu ita ce shugabar aji.

"Fadimata, na yi rashi. Ina gida, na shimfiɗa tabarma. Ki faɗa wa sauran."

"To, Malama!" in ji Fadimata da murya garau. "Ga mu nan."

Ko da ta ajiye salular ba ta lura da komai ba. Ba ta tuna cewa kalmomin nan su ne take faɗa kowace shekara ba, ba ragi ba ƙari.

Tun daga bakin layi ta jiyo su, su goma sha ɗaya, ana ta maimaita addu'a ana gyara wa juna, ana ƙyalƙyala dariya. A bakin ƙofa Fadimata ta ce musu, "Ku yi tsit! Kowa ta ɗaure fuska." Ta shigo ta yi sallama da murya ƙasa, ta durƙusa daidai yadda aka koya mata.

"Ashe an yi rashi, Malama. Wa aka rasa?"

"Yayata ce," in ji Mairamu. "Fatimatuzzahra. Yaya Zahra."

"Allahu akbar. Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Ta koma gefe ta zauna, ta ɗaga wa ta bayanta gira, alamar kin ga yadda ake yi.

Mairamu ta ji sanyi a ranta, ta ce a zuci, ga mutane a kan tabarmata. Ta biyu ta shigo, ta uku ta shigo. Ta huɗu, wata mai suna Tekna, ta kai tsakiyar addu'a ta manta, ta toshe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce, "Malama, tsaya, in sake daga ƙofa?" Ba ta jira amsa ba ta fita ta sake shigowa. Da ta durƙusa ta kalli fuskar Malama da kyau, ta juya ga sauran ta ce, "Kai, bana Malama ya shirya! Ku ga idonsa ja. Malama, albasa ka sa?"

Nan Mairamu ta gane.

Ba laifinsu ba ne, kowa ya san ba laifinsu ba ne. Ita ta ce musu ba za ta sa rana ba. Tabarmar ita ce dai, mayafin shi ne dai. Kalma uku za ta faɗa, da gaske ne, shi ke nan. Amma ta kalli fuskokinsu, kowace na jiran a yaba mata, ta tuna yadda madam ɗin asibiti ta tsinka Fadimata a gaban mutane, ta san in ta faɗa yanzu Tekna ba za ta ƙara iya haɗa ido da ita ba har abada. Ko kuma dai girman kai ne irin na malamai, Allah ya sani. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Tekna, ba a dariya a gidan makoki. Koma ki zauna."

Sai ga ta tana gyara. Ke rage murya. Ke kada ki miƙo hannu sai an miƙo miki. Ana cikin zuba wa yayarta ƙasa a Damagaram, ita tana nan tana duba wadda ta durƙusa daidai.

Lalla ce ta ƙarshe. Ta shigo ta tsuguna, ta fara, "Allah ya, Allah ya," ta tsaya. Ta daɗe tana kallon Malama. Sauran suna ta raɗa mata amsa daga baya, ba ta karɓa ba. Ta tashi ta koma can ƙarshen tabarma.

"Inna Lalla ta sake faɗuwa," in ji Tekna. "Shekara biyar ke nan!"

Suka sha ruwa, suka tambayi wa ta fi iyawa. Malama ta ce duk sun yi ƙoƙari. Suka yi sallama yadda aka koya musu, Allah ya ƙara haƙuri, mu za mu koma. Suna fita suka saki hira, tana jin muryoyinsu suna bin layin ƙofofin da ke rufe har suka ɓace. Aka bar ta da kofuna goma sha ɗaya a kan tabarma. Ba ta kwashe su ba. Ta yi la'asar a zaune. Akuya ta zo ta shinshina kofunan ta wuce.

Rana ta fara sanyi sai ta ji takun mutum a kan yashi. Lalla ce, ita kaɗai, a ƙasa ta tako tun daga bukkokin bayan gari, da ƙunshi a kanta. Ba ta yi sallamar da aka koya mata ba. Ta cire takalmi, ta zauna dab da Mairamu har gwiwarsu na taɓa juna, ta kwance ƙunshin. Ƴar butar shayi ce da gawayi da ƙananan kofuna biyu, da bargo a naɗe. Ta hura wuta ta ɗora buta. Sai da ruwa ya fara ƙara sannan ta yi magana.

"Malama, shekara huɗu kana cewa Wance. Yau ka faɗi suna."

Ta gyara gawayi ta ci gaba.

"Mai daddawa ne? Wanda kake raba mana, ka ce Yaya Zahra ya aiko?"

"Ita ce."

"Yaushe?"

"Yau da asuba."

Lalla ta gyaɗa kai. "Ban faɗa wa kowa ba. Na ga kai ba ka faɗa ba. In ka ce in faɗa, in faɗa."

Mairamu ta kalli tabarmar, faɗinta duka, da kofunan da ke warwatse. Ta ce, "Ki faɗa musu gobe. Ki ce wa Tekna ban ji haushi ba."

Sai Lalla ta kama hannunta da hannu biyu ta fara magana da Tamajak, doguwar magana a hankali, ba tuntuɓe ko ɗaya, muryar da Mairamu ba ta taɓa jin ta da ita ba. Ta ji sunan Allah, ta ji sunan Zahra, sauran duk ya wuce ta. Shekara talatin da huɗu a ƙasar mutanen nan, abin da ta sani a harshensu bai wuce ruwa da shayi da nawa ne ba. Lalla ta gama tana jira, a fili yake akwai abin da mai makoki ke mayarwa.

"Inna Lalla," in ji Mairamu, "ban san me ake amsawa ba."

Lalla ta faɗa mata, kalmomi kaɗan ne. Mairamu ta maimaita.

"A'a. Sake."

Ta sake.

"Malama, za ka kashe ni. Sake."

A na uku muryarta ta karye a tsakiya, kukan da ta riƙe tun hantsi ya ƙwace mata. Lalla ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta saki hannunta ba. Da ɗaya hannun ta sauke butar da ke neman zubewa, ta jawo bargonta ta ajiye a gefen tabarma inda za ta kwana. Su biyu ne a kan tabarmar mutum ashirin, ƙofa na nan a buɗe da dutsenta.